Ba Kai Ka Sa Hannu A Takardar Tanki Na Bakwai Ba

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran shugaban ɗakin gwaje-gwajenmu na matatar mai, wanda duk ma'aikata suka sani da Malam A-Sake. Ya rasu a asibiti bayan jinyar mako shida, yana da shekara hamsin da tara, saura wata biyar ya yi ritaya. Mai shi ne Ya ba mu aronsa, Mai shi ne Ya karɓi abinSa, mu ma da muka rage hanyar nan ce a gabanmu.

Malam, ni ce mataimakiyarka ta shekara goma sha huɗu. Ofishin babban manaja ya ce in rubuta maka ta'aziyya a madadin sashenmu, har da kalmomin da ake so in saka aka aiko mini a 'yar takarda: haziƙi, mai haƙuri, mai fara'a. Haziƙi na yarda. Sauran biyun ƙarya ne, kai ma ka sani. Ba ka da haƙuri, kuma a shekara goma sha huɗu ban tuna ranar da na ga haƙoranka ba sai in kana faɗa. Ban so ka ba, kai ma ba ka taɓa nuna ka damu da in so ka ba. Abin da ya sa na karɓi aikin nan daban ne. Ranar Alhamis mai zuwa kwamitin bincike zai zauna ya sa hannu a rahoton da ya ce kai ne ka saki gurɓataccen fetur na tanki na bakwai, wanda ya lalata motocin jama'a. Sun jira har ka kwanta inda ba ka iya musu, sannan suka ɗauko kashin kaji za su shafa maka. A kan wannan zan yi magana.

Amma bari in fara da yadda na san ka, don waɗanda ba su taɓa shiga matata ba su gane irin mutumin da ake so a ɓata.

Ranar da na fara aiki na zo da sabon takalmi da takardar shaidar digiri a jaka, ina jin kaina. Ba ka ko kalli takardar ba. Ka miƙo mini hular kwano da takalmin aiki wanda ya fi ƙafata, ka ce, "Malama, kafin ki taɓa kwalba ɗaya a ɗakin nan, sai kin san inda abin da ke cikinta ya fito." Ka sa ni a gaba cikin rana tsaka, a ƙafa, alhali ga motar sashe a ajiye. Ka nuna mini tanderun da ake dafa ɗanyen mai har ya zama tururi. Ka nuna mini doguwar hasumiyar da tururin ke shiga, mai hawa-hawa a ciki, inda kowane abu ke hucewa a matakinsa: iskar gas can ƙololuwa, fetur a ƙarƙashinta, sai kananzir, sai dizal, baƙin mai da kwalta su zauna a gindi don nauyinsu. Ka kai ni sashen da ake farfasa mai nauyi da zafi don a ƙara samun fetur daga cikinsa. Sannan ka tsaya a gaban sashen da ake wanke farar wuta daga jikin mai, ka daɗe a nan fiye da ko'ina. Ka ce duk matatar nan in za a bar ka ka tsare wuri ɗaya, nan za ka tsare, don farar wutar da ta kuɓuce daga nan a ƙirjin mutane take ƙarewa. Muka dawo ƙafata ta yi bororo biyu. Na faɗa maka, ka ce gobe in sa safa.

A wurinka na koyi cewa fetur ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne, ana zubo kashi-kashi daga sassa daban-daban a tara a tanki ɗaya a gauraya. Shi ya sa ka kafa dokar da ta sa kowa ya tsane ka, dokar kwalba uku. Tanki tsayinsa ya kai bene mai hawa huɗu, matakalarsa saba'in da biyu, na ƙirga su da baƙin ciki sau ba adadi. Sai mutum ya hau da ƙafarsa, ya zura kwalbar tagulla a igiya, tagulla don kada ta yi tartsatsi, ya fizge murfinta a sama ya ɗebo, ya sake zurawa ya ɗebo a tsakiya, ya sake zurawa ya ɗebo a gindi. Ka ce in haɗin bai gauraya ba, saman tanki zai yi maka murmushi alhali mugun abin yana kwance a ƙasa. Ka hana a karɓi kwalbar da masu kula da tanki suka ɗebo suka kawo, ko da babansu ne manaja. In an gama awo an kawo maka sakamako, ka duba, ka duba, ka ture takardar da yatsa ɗaya ka ce, "A sake." Daga nan sunan ya bi ka, har masu shara ba su san kana da wani suna ba.

Sau nawa na shiga banɗaki na yi kuka saboda kalmar nan? Sau nawa ka tsinka ni a gaban ƙananan ma'aikata a kan ɗigo ɗaya da na rubuta ba daidai ba? Ka taɓa sa ni na tayar da injin gwajin ƙarfin fetur sau huɗu a yini ɗaya, wannan tsohon injin mai silinda ɗaya da ke ƙwanƙwasa har kan mutum ya yi ciwo, don kawai kunnenka ya ji ƙarar ba ta yi maka ba. A karo na huɗun aka gano na'urar awon ce ta kauce. Ba ka ce mini sannu ba, ni ma ban ce maka kana da gaskiya ba.

Alherinka ma da zafi kake yin sa, kamar mai ba yaro magani. Lokacin da nake da cikin ɗana na biyu, tun kafin in faɗa wa kowa a ofis, ka shigo wata safiya ka murtuke fuska ka ce, "Daga yau kada in ƙara ganin ƙafarki a kan tanki ko a ɗakin tururi. Ki zauna a kan takardu." Ba dalili, ba bayani. Na ɗauka raini ne don ni mace ce. Na rubuta ƙararka shafi uku na kai ofishin kula da ma'aikata. Aka kira ka, ka ƙi cewa uffan, aka rubuta maka gargaɗi, ka ninke shi ka sa a aljihu. Wata bakwai kana hawa matakala saba'in da biyu da gwiwarka mai ciwo, kana ɗebo kwalabena da naka. Sai da ma'aikaciyar jinya ta asibitin matata ta ce mini, "Ke, ki gode wa shugabanki, tururin nan ba ya barin ɗan ciki lafiya," sannan na gane. Ban gode maka ba. Girman kai ya hana ni, kai kuma ka sauƙaƙa mini, don ranar da na dawo daga hutun haihuwa gaisuwarka ita ce tanki na uku yana jirana.

Haka ka yi mini a kan motata. Wata rana na tayar da ita a wurin ajiye motoci, sai na hango ka ta madubi ka sunkuya a bayanta kana shinshina hayaƙi kamar mai neman ɓeran da ya mutu. Ka zo ka ƙwanƙwasa gilashi ka ce, "Wanda ya sayar miki da motar nan ya huda mata tukunya. Kina aiki a nan kina cire guba da safe, kina fesa wa mutane ita da yamma. Je ki wurin ƙanina." Na tafi ina zaginka a zuci. Ƙanin naka mai gyaran salansa ne, garejinsa rumfar kwano ce da rami ɗaya, kuma duk fara'ar gidanku shi ya kwashe. Shi ya ɗaga motar ya nuna mini tukunyar da ke tsakiyar bututun hayaƙi. Ya ɗauko wata tsohuwa da ya yanka biyu, na ga cikinta ƙananan ramuka ne jere kamar saƙar zuma, an shafe su da wani ƙarfe mai daraja. Ya ce in hayaƙi mai zafi ya ratsa ramukan, gubar da ke cikinsa sai ta juye ta zama iskar da ba ta kisa, ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa a nan. Ya nuna mini 'yar na'urar da ke soke a jikin bututun tana ɗanɗana hayaƙin, tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ta ƙara mai ko ta rage. Ya ce, "Hajiya, ni da Yaya aiki ɗaya muke yi. Shi yana tsare bakin, ni ina tsare bayan. In ya saki mai mai farar wuta, tukunyar nan suma take yi, ni kuma ba ni da abin da zan iya." Ya yi dariya ya ƙara da cewa yayansa ba zai taɓa saki ba, ko za a yanka shi.

To, ga abin da ya faru a tanki na bakwai, tunda kwamiti ya ce bai samu mai shaida ba.

Sashen wanke farar wuta ya tsaya kwana biyu saboda famfo ya lalace. Maimakon a killace man da ya wuce ba a wanke ba, sai aka tura shi cikin tanki na bakwai, aka zuba mai kyau a kansa, da fatan zai ɓace a ciki. Ba a gauraya shi yadda ya kamata ba, don ana sauri. Tankokin dakon mai sun yi layi tun daga ƙofar matata har kwanar titi, direbobi suna ta danna oda. Ranar ka zo aiki, sunanka yana cikin rajistar shiga, wannan gaskiya ne. Da ƙarfe sha ɗaya ka dafe ƙirji ka zame daga kan kujera, aka ɗauke ka zuwa asibiti, ba ka ƙara dawowa ɗakin nan ba. Da ƙarfe ɗaya da rabi manajan sarrafawa ya shigo da kansa, abin da bai taɓa yi ba kana nan. A hannunsa akwai kwalba ɗaya. Ya ajiye ta a gabana ya ce, "Malama, yaranmu sun ɗebo miki, kada ki wahala da hawa cikin wannan rana. Auna mana, gari na jira."

Na san dokar. Na san kwalba ɗaya ce, na san daga sama aka ɗebo ta, na san ba hannuna ya ɗebo ba. Na kuma san sashen wankin ya tsaya, don a taron safe aka faɗa. Amma kujerarka babu kowa, kuma abin da zan faɗa yanzu shi ne mafi muni: daɗi na ji. Shekara goma sha huɗu ina jiran ranar da zan miƙa sakamako babu mai ture shi da yatsa. Na auna kwalbar, ta fito tas. Na cika takardar shaida. Takardunmu an buga su da sunan shugaban sashe a ƙasa, kwanan wata ake rubutawa, ba a rubuta lokaci. Na ja wani layi mai lanƙwasa a kan sunanka, na buga hatimin sashe, manajan ya ɗauki takardar tun tawadar ba ta bushe ba. Ni na sa hannu, Malam. Kana kan gadon asibiti da robar iska a hanci lokacin da na yi.

Cikin kwana goma gari ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk inda motoci suka tsaya a danja sai ka ga mutane suna toshe hanci. Fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban motoci, injuna suka fara shaƙewa, masu haya suka yi ta faɗuwa gwajin hayaƙi ana hana su takarda. Sai masu gyara na bakin titi suka samu abin yi: a kwance tukunya, a zura rodi a farfasa saƙar da ke ciki, a zazzage, a mayar da fanko. Mota ta tashi, mai ita ya yi murna, gubar kuwa ta fita kai tsaye, kuma haka za ta ci gaba da fita har motar ta mutu. Man tanki na bakwai ya ƙare tuntuni, amma waɗannan tukwanen da aka huda suna nan suna yawo a gaban makarantu da asibitoci. Ƙaninka ya ƙi huda ko ɗaya. Ya ce wa masu motoci su zubar da man, su sa mai kyau, su yi doguwar tafiya tukunyar ta yi zafi, wata za ta farfaɗo. Suka kira shi mai taurin kai, suka koma maƙwabta. Da labari ya fita cewa daga matatarmu man ya fito, wani ya bi shi har garejinsa ya ce, "Ai yayanka ne ya sa hannu, kun haɗa baki, shi ya ɓata kai ka gyara." Ƙaninka ya jefar da sifana ya shaƙe mutumin, sai da aka ɓamɓare shi. Ina da labarin duk wannan, na yi shiru. Mako biyar ina shiru, ban ko je duba ka ba, ina cewa aiki ya yi yawa.

Ku kuma manyanmu, na gan ku a gidan rasuwa. Kun zo da motoci uku masu sanyi, kun cika ƙofar gida, kun sunkuyar da kai kuna cewa an yi babban rashi. Yallaɓai babban manaja, kai ne shekara uku da suka wuce ka nemi a mayar da shi sashen adana kaya don ya hana ka sakin tanki biyu. Kai ne kake kiransa tsohon banza a taro in ya fita. Manajan sarrafawa, kai kuma har hawaye ka matso, ban san inda ka samo su ba. Da aka tashi ka ja ni gefen motarka ka ce, "Malama, rahoton nan ya kusa fita. Marigayi ba shi da lafiya ranar, kowa zai fahimta kuskure ne na mai ciwo. Shi ya riga ya huta, ba abin da zai same shi. Ke kuwa kina da yara, kuma kujerarsa tana jiranki." Ka faɗi haka taku goma daga inda 'ya'yansa ke zaune suna karɓar gaisuwa. Na tsane ka a lokacin, na fi tsanar kaina, don gyaɗa maka kai na yi.

Ba abin da zai same shi, ka ce. Mutumin nan bai gina gidan bene ba, motarsa ta girmi babbar 'yarsa, abokai ma bai tara ba saboda halinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa tanki, kuma duk abin da ya fito da shi daga matatar nan shi ne cewa in an ga sunansa a ƙasan takarda, man da ke cikin tankin yana da kyau. Shi kaɗai ya bar wa iyalinsa, shi kuke so ku ƙwace don ku rufe famfon da kuka ƙi gyarawa da man da kuka tura inda bai kamata ba.

Malam, shekaranjiya na koma gidanka ni kaɗai. Na tarar da mai ɗakinka a falo tana ninke kayan aikinka, an dawo mata da su daga ofis a kwali. Ta tarbe ni da kyau, ta ce kana yawan ambatona a gida, wai kana cewa duk sashen ni kaɗai ce ke da hannun awo. Ban taɓa jin wannan daga bakinka ba, kuma da ma ba ta faɗa ba. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga kwalba ɗaya har gyaɗa kan da na yi a gefen mota. Ta daina ninkin. Ta dube ni ta ce, "Mako biyar yana kwance yana jin ana faɗar sunansa a rediyo, yana tambayata wa ya hau tankin. Kin san asibitin. Me ya hana ki zuwa?" Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba ni kika yi wa ba. Wanda kika yi wa ya tafi. Tashi ki je ki faɗa wa waɗanda suka zage shi." Ba ta raka ni ƙofa ba, kuma tana da gaskiya.

Shi ya sa na rubuta wannan. Na san mujallar matata ba za ta buga shi ba, don haka na kai wa shugaban kwamiti kwafi hannu da hannu, na manna ɗaya a allon sanarwa na ƙofar shiga, na bai wa ƙaninka ɗaya ya rataye a garejinsa inda duk mai mota zai gani. Ranar Alhamis zan tsaya a gaban kwamiti da littafin awo na ranar da takardar asibitin da ta nuna lokacin da aka karɓe ka. Ku kuma manya, kujerar nan ku ba wanda kuka ga dama. In korata za ku yi, ku kore ni, na cancanta, amma sai na faɗi sunan wanda ya kawo kwalbar da wanda ya ba da umarnin a buɗe bututun da ya tura man cikin tanki na bakwai, sannan in fita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, ko da ba ta karɓa daga bakina ba, da 'ya'yanka huɗu, da ƙaninka wanda ya yi dambe a kan gaskiyarka lokacin da ni da na san ta nake ɓoye. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya tsare musu mutuncin da ka bar musu. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka zafin harshenka, Ya sanya kowace matakala da ka hau da gwiwa mai ciwo a ma'aunin alherinka, Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ban so ka ba kana raye, kuma ba zan ce yau na fara ba. Amma na bar ka ka mutu kana tambayar wa ya hau tankin. Ba wanda ya hau, Malam. Ni ce ya kamata in hau, ban hau ba.